A Daina Kashe Tsofaffin Babura da Sunan Gyara

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri a gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana a kan wani sha'ani da na lura yana ƙara jan hankalin masu son aikin hannu, wato ɗauko tsohon babur da ya daɗe a jingine a farfaɗo da shi a cikin gida. Ni kaina na kusa cika shekara biyu ina fama da wani Honda C70 da na gada daga kawuna, Allah ya jiƙansa da rahama, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake ganin mutane suna afkawa ramin da na afka tun a makon farko. A ganina, tsatsa ba ta kashe tsohon babur da sauri kamar yadda mai shi yake kashe shi a ranar da zumuɗi ya ɗebe shi, ya zauna da sifana ya wargaza shi gaba ɗaya, ya zuba kayan a kwalaye da buhuna da niyyar zai mayar da su wata rana. Sau da yawa wannan rana ba ta zuwa, kuma babur ɗin da ya jure shekara talatin a jingine yana nan cikakke sai ya ƙare a hannun masu sayen tsohon ƙarfe.

Ba na ganin laifin wanda irin waɗannan injuna suka shiga ransa. Kamfanin Honda ya fito da Super Cub a 1958, kuma zuwa 2017 yawan waɗanda aka ƙera daga wannan dangi ya kai miliyan 100, adadin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kaiwa. C70 ɗin da ke hannuna ɗan wannan gida ne, mai inji cc 72 da giya uku da kulocin da ke kama kansa ba tare da an matse shi da hannu ba. Haka kuma Vespa da kamfanin Piaggio ya fara a Italiya a 1946, da BSA Bantam ta Ingila da ta fito a 1948, da CG125 da Honda ya tsara musamman domin ƙasashen da hanyoyinsu ba su da kyau, duk an yi su ne a zamanin da ake ɗaukar cewa mai babur zai buɗe injinsa da hannunsa. Wannan sauƙi shi ne daɗin aikin, kuma shi ne tarkon da ke cikinsa, domin abin da ya kwance cikin yini guda yana iya cin wata shida kafin ya koma yadda yake.

Tun kafin a taɓa noti ko ɗaya, akwai batun takardu, wanda zan ambata a taƙaice saboda kowa ya san muhimmancinsa ko da yake ana yawan yin sakaci da shi. Kowane babur yana da lambar firam da lambar inji da aka buga a jikin ƙarfe, kuma wajibi ne a duba su a gwada da abin da ke rubuce a takarda. Lambar da aka kankare ko aka sake bugawa alama ce ta a haƙura da cinikin. Ban da kare mutum daga sayen kayan sata, waɗannan lambobi su ne ke nuna ainihin shekarar da aka ƙera babur ɗin, kuma ba tare da sanin shekarar ba mutum zai yi ta sayen kayan da suka yi kama amma ba su shiga ba.

Abin da ya kamata ya biyo baya shi ne wanki da kallo, ba kwancewa ba. A wanke babur ɗin da ruwa da sabulu da burushi, a goge tsohon giris da kananzir, sannan a ɗauki hotonsa ta kowace fuska, har da inda kowace waya ta bi da yadda igiyar birki da ta totur suka ratsa ta cikin firam. Bayan haka sai a nemi sanin ko injin yana da rai. Kuskure ne a hau kik da ƙarfi a kan injin da ya shekara ashirin bai juya ba, domin zoben fistin yana iya manne wa bangon silinda, kuma bugu ɗaya ya isa ya karya shi ya kuma kankare bangon. Sai a cire filogi a zuba ɗan mai ta ramin, a bar shi ya kwana, sannan a gwada juya injin a hankali da hannu. Idan ya ƙi, a ƙara mai mai ratsa tsatsa a sake jira. Nawa sai da ya yi kwana tara ina zuba masa mai safe da yamma kafin ya motsa, kuma na tabbata da na ɗauki guduma a rana ta biyu, kamar yadda zuciyata ta yi ta raya mini, da yanzu labarin ya sha bamban. Hikimar tayar da injin kafin a buɗe shi ita ce, injin da ke aiki yana faɗa wa mutum ciwonsa da bakinsa: shuɗin hayaƙi yana nuna mai na tsallake zobe ko bakin bawul, baƙin hayaƙi yana nuna fetur ya yi yawa, ƙara daga sama ta bambanta da ƙwanƙwasa daga ƙasa, giyar da ke fita da kanta ma sai a kan hanya ake gane ta. Injin da aka riga aka zuba a kwali ba ya faɗin komai.

Ramin da na ce na afka kuwa shi ne na sukuru. Na ɗauki sukudireba mai kan gicciye irin wadda ke kowane gida na dosa murfin injin, kuma kafin la'asar na cinye kawunan sukuru huɗu, har sai da aka huda biyu daga cikinsu aka zaro su. Laifin nawa ne, domin ban san cewa sukurun tsofaffin baburan Japan an yi su ne bisa ma'aunin ƙasarsu da ake kira JIS ba, wanda a ido yake kama da na Phillips, wato irin na sukudirebar gida da na ɗauka, amma kwarmin gicciyensa ya bambanta, har akan sa wa wasunsu ɗan ɗigo a kai domin a gane su. Sukudireba ta Phillips takan zame ta fito idan aka matsa mata, tana fitowa kuma tana cin kan sukurun. Sukudireba ta JIS, ko kuma irin wadda ake bugawa da guduma ta juya da kanta, da ta raba ni da wannan wahala. Mai tsohon babur na Ingila yana da irin nasa tarkon, domin Triumph da BSA da Norton na wancan zamani sun yi amfani da ma'aunin zare irin na Ingila, wanda asalinsa ya komo ga tsarin da Joseph Whitworth ya kafa a 1841, kuma sifana ta milimita ba ta zama daidai a kan notinsu, sai dai ta yi ta murje kusurwoyin har su zama kamar tsakuwa. Yawancinsu kuma wayar batir mai alamar tarawa ce ke haɗe da jikin firam, saɓanin yadda aka saba a yau, giyarsu tana ƙafar dama, birkin baya yana ƙafar hagu. Wanda bai san wannan ba zai ƙona kayan wuta a gareji, ko ya taka giya a inda yake neman birki. Duk waɗannan abubuwa suna rubuce a littafin gyara na kowane irin babur, shi ya sa nake ganin littafin shi ne kayan aiki na farko da ya kamata a mallaka.

Idan babur ya daɗe a ajiye, mafi yawan ciwonsa yana tsakanin tanki da kafireta. Fetur ɗin da aka bari a ciki yakan bushe ya bar wani danƙo mai wari da ke toshe ƙananan ramukan kafireta, tururin ruwa kuma ya haifar da tsatsa a cikin tanki. Kafireta ana kwance ta ne a kan farin ƙyalle, a jiƙa ta a maganin wanke ta, a hura ramukan da iska. Ba a zura allura ko wayar ƙarfe a cikin jet, wato ɗan bakin da fetur ke bi a cikin kafireta, domin tagulla ce mai laushi, kuma ramin da ya faɗaɗa ko da kaurin gashi ne ya riga ya ɓata ma'aunin fetur da iska. Tanki kuwa na cika nawa da ruwan tsami na bar shi kwanaki ina girgizawa, na ɗauraye shi da ruwan da aka jiƙa soda a ciki, na busar da shi sarai nan take, domin ƙarfen da aka cire wa tsatsa yana sake yin wata cikin sa'o'i kaɗan idan aka bar shi da laima. Dole ne kuma a canza tiyon fetur da duk wata tsohuwar roba da fetur ke taɓawa, musamman a ƙasashen da ake gauraya fetur da sinadarin etanol, wanda ke cin irin robar da ake yi a da, yana kuma jan ruwa daga iska. Ƙaramar matatar fetur a kan tiyon tana tare ɓurɓushin da ya rage. Tankin da ya huje, ina roƙon kowa da girman Allah kada ya kusance shi da wutar walda a gida, domin tankin da ake gani babu komai a ciki shi ne ya fi saurin fashewa, saboda tururin fetur da ke maƙale a cikinsa.

Ɓangaren wuta ya fi ba mutane tsoro, alhali shi ya fi sauƙi a irin waɗannan babura. Yawancinsu suna amfani da kontak da kwandansa wajen ba filogi wuta a kan lokaci, batirinsu kuma volt 6 ne. A ƙaramin injin Honda irin nawa tazarar bakin kontak tana tsakanin milimita 0.3 da 0.4, kuma ya kamata ya fara buɗewa daidai lokacin da alamar F da ke jikin filawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a gefen injin, ta zo kan tsagar da ke jikin injin. Alamar T da ke kusa da ita ita ce ake bi wajen saita bawul, wanda tazararsa milimita 0.05 ce, ana kuma auna ta ne injin yana sanyi. Waɗannan ƙananan lambobi su ne bambancin injin da ke tashi a bugu ɗaya da wanda ke sa mutum gumi. Sauran matsalolin wuta kusan duk na datti ne a mahaɗar wayoyi da inda waya ta kama jikin firam, kuma samfefa mai laushi da haƙuri suna maganinsu. Ban ga amfanin yanke tsofaffin wayoyi gaba ɗaya ba matuƙar robarsu ba ta farfashe ba, domin launukansu su ne taswirar da za ta yi wa mutum jagora.

Akwai wani wuri ɓoyayye da nake so a kula da shi, saboda kowa yana canza baƙin mai amma kaɗan ne ke tunawa da shi. Ƙananan injunan Honda na da ba su da matatar mai irin ta takarda. Abin da suke da shi shi ne 'yar raga da wani kwarmi a jikin kuloci wanda juyawar injin ke wurga datti cikinsa ya manne. Da na buɗe nawa na tarar da dattin ya daskare kamar busasshiyar laka. Baburan Triumph masu silinda biyu suna da irin wannan ma'ajiyar datti a cikin karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juya ta, kuma idan ta cika sai mai ya daina isa inda ake bukatarsa, injin da aka kashe wa wahala ya ƙone cikin 'yan makonni. Shi kansa man ba kowanne ake zubawa ba, domin a yawancin babura kuloci yana wanka ne a cikin man injin, kuma wasu mayukan mota na zamani suna da sinadarin rage gogayya da ke sa kulocin sulɓi. Man da aka rubuta wa JASO MA shi ne aka yi domin irin wannan kuloci. Wanda ke da injin da ake gauraya wa mai da fetur, kamar Vespa ko Bantam, shi kuma ya duba robobin da ke toshe gefen karanshaf, domin idan sun bushe iska za ta shiga ta nan, injin ya yi zafi har fistin ya kama.

Birki da taya da firam ba wuraren tsimi ba ne, kuma a nan ne kaɗai nake goyon bayan a zubar da tsoho ko da yana da kyan gani. Tayar da ta shekara ashirin tana iya kasancewa da zanenta cif, amma robar ta ƙandare ba ta riƙe hanya. Tayoyin da aka yi daga shekarar 2000 suna ɗauke da lambobi huɗu a gefensu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, waɗanda aka yi kafin nan kuma lambobi uku ne, wanda hakan kaɗai ya isa shaida cewa zamaninsu ya wuce. Fatar birki da aka manna da gam takan ɓalle daga ƙarfenta idan ta tsufa, ta cije wilin ana cikin tafiya. Ƙurar da ke cikin tsohon birki kuma ba a hura ta da baki ko da famfo, domin a da ana haɗa fatar birki da asbestos, wanda shaƙarsa ke jawo mummunan ciwon huhu bayan shekaru. A jiƙa ƙyalle a goge, a ɗaure shi a leda a zubar. Ɓangaren baya na firam ɗin Super Cub falle-fallen ƙarfe ne da aka matse aka haɗa, kuma yakan ci tsatsa daga ciki a bayan kujera da wajen madigadin baya, saboda haka sai an ƙwanƙwasa an kuma haska ciki da tocila kafin a yarda da shi.

Sai batun fenti, inda na san da yawa daga masu karatu ba za su yarda da ni ba. Kusan duk wanda ya zo ganin babur ɗina tambayarsa ta farko ita ce yaushe za a fesa shi, kuma na ga mutanen da suka fara aikinsu da kai firam wajen mai fenti tun ba su san ko injin zai tashi ba, suka ƙare da gangar jiki mai sheƙi da babu abin da zai ja ta. Ban da wannan, fentin da aka yi a masana'anta sau ɗaya ake samunsa. Idan aka kankare shi ya tafi ke nan, tare da ainihin launin, da zanen da aka yi a gefe, da 'yan takardun gargaɗi da aka liƙa tun ranar farko, kuma masu tara tsofaffin babura a ko'ina sukan fifita wanda ke da fentinsa na asali, ko da ya koɗe, a kan wanda aka sake fesawa ba bisa ƙa'ida ba. A gefen babur ɗina akwai wani wuri da fenti ya suɗe daidai inda ƙafar kawuna take gogawa shekara da shekaru, kuma ban ga mai fentin da zai iya mayar mini da wannan ba. Na wanke fentin, na goge shi da man gogewa mai laushi, na shafa masa kaki, sai ga launin ya dawo fiye da yadda na zata. Ƙarfe mai sheƙi da ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa kuma takardar alminiyom da aka tsoma a ruwa tana share mafi yawansa. Ban ce kada a taɓa yin fenti ba. Inda tsatsa ta ci ƙarfe ko aka yi walda dole ne a rufe shi. Abin da nake cewa shi ne a bar shi zuwa ƙarshe, a kuma yi shi a inda larura ta sa, kada garin neman gira a rasa ido. Haka nan kada a yi saurin jefar da tsohon kaya don an samu sabo mai kama da shi, domin sau da yawa tsohuwar kafireta ta asali da aka wanke ta fi sabuwar kwaikwayo aiki, kuma ko ba ta gyaru ba za ta yi amfani wajen gwada ma'auni.

Da yake a gida ake aikin, akwai haƙƙin waɗanda ake zaune da su. Ba a tayar da inji a rufaffen ɗaki, domin hayaƙinsa yana ɗauke da iskar da ba ta da launi ko wari amma tana kisa. Fetur da kananzir da ruwan batir a ajiye su a rufe nesa da wuta da hannun yara, tsohon baƙin mai kuma a tara shi a jarka a kai wa masu karɓa, kada a tuttular a ƙasa ko a magudanar ruwa. Ya kuma kamata mutum ya san iyakarsa. Faɗaɗa silinda domin sabon fistin, da gyaran karanshaf, da miƙar da firam da ya lanƙwashe, duk ayyuka ne na masu injin da ma'auni, kuma kai musu ba ya rage wa mai babur komai. Wanda kuma ya shiga wannan harka da lissafin riba, gara ya sani tun yanzu cewa idan aka haɗa kuɗin kaya da na kayan aiki da lokacin da aka ɓata, da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu a kan babur na gama-gari irin nawa.

Tsarin da na koma bi bayan kuskurena na farko shi ne ɗaukar sashe ɗaya a lokaci guda: in kwance shi, in sa kowane rukunin noti a ledarsa da rubutu a jiki, in gyara, in mayar, sannan in taɓa na gaba. Sukurun murfin inji tsawonsu ba ɗaya ba ne, saboda haka nakan zana siffar murfin a kan kwali in soke kowanne a gurbinsa. Ta haka babur ɗin bai taɓa sauka daga kan tayoyinsa fiye da mako guda ba, kuma ko da rashin lafiya ko hidimar iyali ta raba ni da shi na wata biyu, idan na dawo ina gane inda na tsaya.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne jaridarka ta riƙa ware ɗan fili lokaci zuwa lokaci tana tattaunawa da dattawan makanikai da suka yi aiki a kan waɗannan injuna tun suna sababbi, domin waɗanda suka iya saita kontak da kunne da ɗaure wayoyin wili har ya daidaita suna ƙarewa, kuma yaran da ke koyon sana'ar a yau canza kaya aka fi koya musu. Ni ma ina cikin masu bukatar wannan fili, domin duk da cewa babur ɗina yanzu yana tashi a bugu na biyu, har yau yana yin tari idan na buɗe masa wuta daga giya ta biyu zuwa ta uku, kuma na wanke kafiretar sau uku ban gano dalili ba. Idan akwai wani daga cikin masu karatu da ya taɓa cin karo da irin wannan, zan yi farin ciki in ga amsarsa a wannan shafi.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu